Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu kasuwannin gwanjo na intanet: ku ƙyale ɗan kwanto, ku kama ɗan kore

Zuwa ga shugabanni da masu tsara dokoki a kasuwannin gwanjo na intanet,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni mai saye ne a wurinku, wani lokaci kuma mai sayarwa. Na rubuto ne a kan mutum biyu da ake yawan ambatonsu tare kamar laifinsu ɗaya. Na farko ɗan kore: mai kaya, ko ƙaninsa, ko abokinsa, ko shi da kansa da wani asusu na daban, ya shiga gwanjon kayansa yana ƙara farashi alhali ba shi da niyyar saye. Na biyu ɗan kwanton ɓauna: mai saye na gaskiya da kuɗinsa a hannu, wanda yake yin shiru har sai saura sakan biyar ko uku a rufe, sannan ya jefa tayinsa. Idan mutum ya saurari koke-koken masu tayi, zai ga ɗan kwanto ne ke shan zagi, don shi ake gani ƙiri-ƙiri. Ɗan kore kuwa ba a ganinsa, ya tafi da kuɗi lafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da nake so ku ji shi ne, na farkon ɓarawo ne, na biyun kuma mai kare kansa ne, kuma yawancin abin da ya koya masa kwanto dokokinku ne da tsoron na farkon. Duk gyaran da zai taɓa ɗan kwanto ya bar ɗan kore, mai saye zai ƙara cuta.

Ku yi haƙuri in fara da abin da kuka fi ni sani, domin ba duk mai karanta wasiƙar nan ne ya taɓa tayi ba. Tsarin da eBay, babban dandalin gwanjo na intanet, ya yaɗa bayan Pierre Omidyar ya kafa shi a 1995, wanda da yawanku kuka kwaikwaya, shi ne na'ura ta taya a madadin mutum. Kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙe maka ita a asirce, duk sa'ad da wani ya taya sai ta ƙara maka ɗan abin da zai sa ka ci gaba da zama a sama. Idan iyakarka dala 200 ce, na biye da kai ya tsaya a 120, kaya naka ne a kan 122.50. Tun a 1961 masanin tattalin arziki William Vickrey ya nuna cewa muddin mai nasara farashin na biyu zai biya, babu dabarar da ta fi masa ya faɗi gaskiyar darajar kayan a wurinsa. A kan wannan kuka gina shawarar da kuke ba mu: rubuta iyakarka tun da wuri, ka je ka yi barcinka.

Shawara ce mai kyau, amma da sharaɗi guda, wato na biyun nan ya kasance mutum ne mai son kayan. Ranar da na biyu ya zama mai kayan ne ya sake riga, iyakar da na ba ku amana ta zama abin farauta.

Ga yadda ake yi. A ce na sa iyakata 200, mai tayi na gaskiya da ke biye da ni ya gaji a 60. Sai wani asusu ya ɓullo ya taya 70. Nan take na'urarku ta amsa a madadina, ta gaya masa an fi shi. Ya taya 90, an fi shi. 120, 150, 180, duk an fi shi. Kowace amsa labari take ba shi cewa akwai sauran wuri a sama. Har alamar tsayawa na'urar ke ba shi: idan ya taya 199, maimakon farashi ya hau zuwa 201.50 kamar yadda ƙa'idar ƙari ta tanada, sai ya tsaya cak a 200, domin nan kuɗina ya ƙare. Da ganin haka ya san ya taɓo rufi, sai ya janye hannu. Mai gaggawa ba ya ma wannan wahalar. Ya taya 2,000 gaba ɗaya, farashi ya nuna 202.50, iyakata ta fito fili, sai ya janye tayin ya ce kuskure ne, sifili ya ƙara. Bayan 'yan sa'o'i wani asusun ya zo ya taya 195. In kuma hannu ya zarce ɗan kore ya ci kayansa, ba a yi asara ba. Washegari saƙo ya iso mini cewa wanda ya ci bai biya ba, an ba ni dama ta biyu, in ɗauka a kan tayina na ƙarshe. Tayina na ƙarshe kuwa shi ne 200.

Ta kowace hanya aka bi, na biya 200 ko kusa da ita a kan abin da kasuwa ta tsayar a sittin da ɗoriya. Abin takaicin shi ne ba zan sani ba. Murna ma nake yi na ci, har in rubuta wa mai kayan yabo da taurari biyar. Wanda aka yi wa sata a aljihu yana lalubawa ya ji babu. Wanda ɗan kore ya yi wa ba ya kai ƙara, saboda haka ƙarancin ƙararraki a teburinku ba ya nuna komai.

Ba zargi nake yi a iska ba, kotuna sun sha ganin irin wannan. A watan Mayun 2000 wani lauya a Kalifoniya, Kenneth Walton, ya sa wani zane a eBay da farashin farawa santi 25. Ya rubuta bayani kamar na mutumin da bai san komai a kan zane ba, wai a wurin masu sayar da tarkacen gida ya tsinto shi, amma ya bar haruffan RD52 suna leƙowa a kusurwar hoton domin masu ido su ɗauka aikin mai zane Richard Diebenkorn ne. Da hannunsa ya rubuta haruffan. Shi da abokan cin mushensa biyu suka yi ta zuga farashi da asusu barkatai har ya kai dala 135,805. An soke cinikin, a 2001 gwamnatin tarayyar Amurka ta gurfanar da su ukun, Walton ya amsa laifi ya rasa aikin lauya, ɗaya daga cikin abokan nasa, Kenneth Fetterman, kuma ya tsere, da aka kama shi aka ɗaure shi wata 46. Ku lura da abin da ya tona asirin: girman kuɗin da hayaniyar jaridu. Da a dala 800 zanen ya tsaya, da wuya wani ya waiwaye shi, kuma mutanen sun daɗe suna yi kafin wannan ranar.

A 2007 babban lauyan jihar Niyu Yok ya cim ma yarjejeniya da wani kamfanin sayar da kayan ado wanda aka zarga da tayin bogi fiye da 232,000 cikin kimanin shekara guda, kamfanin ya biya dala 400,000. Ku raba wannan adadi da kwanakin shekara, za ku samu fiye da 600 kullum. A 2010 aka yanke wa mutum na farko hukunci a Birtaniya kan wannan laifi a eBay, wani mai hayar ƙananan motocin bas, tara da kuɗin shari'a kusan fam 5,000 da aikin al'umma na awa 250. Bill Mastro, wanda gidan gwanjonsa ya taɓa zama kan gaba wajen sayar da kayan tarihin wasanni a Amurka, ya amsa laifin zamba a 2013, ciki har da zuga farashi da tayin bogi, aka ɗaure shi wata 20 a 2015. A nan gidan gwanjon da kansa ne ɗan koren. A Agustan 2021 kuma eBay ya dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da katunan wasanni, bisa zargin tayin bogi, kamfanin ya musanta.

Game da hukunci, ban san wani babi na ciniki da dokoki mabambanta suka haɗu a wuri ɗaya kamar wannan ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya ƙara farashin kayan da ba zai saya ba don ya ruɗi wani, kuma malaman Malikiyya sun ba wanda aka yaudara zaɓin ya riƙe kayan ko ya mayar idan da sanin mai kaya aka yi. Dokar sayar da kaya ta Birtaniya ta 1979, sashe na 57, ta ce mai kaya ba zai taya kayansa ba sai idan an sanar tun farko cewa ya riƙe wannan haƙƙi, in ba haka ba mai saye na iya ɗaukar cinikin a matsayin zamba. Kundin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na Amurka, sashe na 2-328, ya ƙara da abin da ya fi amfani: mai saye na iya fasa cinikin, ko ya ɗauki kayan a kan tayin gaskiya na ƙarshe.

Amma hukuncin da ya fi burge ni na Jamus ne. A 2013 wani ya sa motarsa Golf a eBay, farashin farawa yuro 1. Wani baƙo ya taya yuro 1 ya tsaya. Mai saye na gaskiya ya shigo ya ɗara shi, daga nan babu wanda ya sake tanka masa sai mai motar da asusunsa na biyu. Suka yi ta hawa har yuro 17,000, mai mota ya cinye gwanjon motarsa. Da magana ta kai kotun ƙolin tarayya mai duba shari'o'in farar hula, ranar 24 ga Agustan 2016 ta ce mutum ba ya ƙulla ciniki da kansa, saboda haka duk tayin mai motar babu shi, kuma duk ƙarin da na'ura ta yi don amsa masa babu shi. Da aka share su, tayin gaskiya mafi girma da ya rage yuro 1.50 ne. A kan wannan farashi motar ta zama ta mai saye, kuma tun da mai ita ya riga ya rabu da ita, aka umarce shi ya biya diyyar yuro 16,500. Ina ganin babu ɗan koren da zai ji wannan labari bai sake lissafi ba.

To ku kwatanta da abin da kuka saba yi: gargaɗi, cire kaya, taƙaita asusu, in abu ya yi tsanani a rufe shi. Duk wannan tsakaninku ne da mai laifi. Wanda ya biya 200 maimakon sittin da ɗoriya ba ya cikin lissafin.

A nan dole in taɓo maganar da ba za ta yi muku daɗi ba. La'adarku kaso ce daga farashin ƙarshe. Duk dalar da ɗan kore ya ƙara, akwai rabonku a ciki. Ban ce kuna so ba, na san kuna da ma'aikata da manhajojin da ke farautarsu, kuma na san kasuwar da aka daina yarda da ita mutuwa take yi. Sai dai tsarin da kama ɓarawo ke cin kuɗinsa, rashin kama shi kuma ke ƙara masa kuɗi, bai kamata ya ce a yarda da shi ido rufe ba. Hanyar wanke kai a buɗe take. Duk cinikin da kuka tabbatar an yi masa kore, ku mayar da la'adar da kuka ci a kan ƙarin. Sannan kowace shekara ku fito da adadi: asusu nawa kuka kama, ciniki nawa abin ya shafa, nawa aka mayar wa masu saye.

Nauyin ya ƙara hawa kanku ne tun ranar da kuka rufe mana ido. A da ana ganin sunan kowane mai tayi, kuma masu saye da kansu ke bin sawu, su gano cewa wannan asusun kullum a gwanjon mutum ɗaya yake, kullum shi ne na biyu. Daga 2007 zuwa 2008 eBay ya ɓoye sunayen, aka koma ganin harafi biyu da taurari a tsakani. Dalilin da aka bayar na gaskiya ne, 'yan damfara na bin waɗanda suka faɗi gwanjo da saƙon ƙarya na dama ta biyu. An toshe waccan ƙofa, amma an kori dubban masu gadi na kyauta. Yanzu ku kaɗai ke ganin cewa asusu biyu daga waya ɗaya suke shiga, katin banki ɗaya, adireshi ɗaya. Ku kaɗai ke ganin kayan da aka ce an sayar ya sake dawowa bayan mako biyu da hotuna iri ɗaya, da asusun da ya taya sau ɗari bai taɓa biyan ko sisi ba. Ba na cewa ku bar wa manhaja yanke hukunci, domin akwai mai tara tsofaffin agogo ko tsabobi da ke sayayya wurin dillali ɗaya don ya yarda da shi, kuma a takarda zai yi kama da ɗan kore. Bambancinsu shi ne shi yana ci, yana biya, kaya na isa gidansa. Wannan ma ku ke da bayanansa.

Yanzu ɗan kwanto.

Ya girmi intanet da ƙarni uku. A Ingila ta ƙarni na 17 ana gwanjo da guntun kyandir, tayin da ya zo ƙarshe kafin wuta ta mutu shi ne ya ci. Samuel Pepys, jami'in rundunar ruwa, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum a 1662 cewa a wajen sayar da wasu tsofaffin jirage ya ga wani mutum da kullum shi ke faɗin tayin ƙarshe. Da ya tambaye shi, sai ya ce masa hayaƙi yake kallo, daidai lokacin da wuta za ta mutu hayaƙin kan yi ƙasa. Duk inda aka kafa lokacin rufewa wanda ba ya motsi, sai an samu mai kallon hayaƙi.

Alvin Roth da Axel Ockenfels sun auna wannan a binciken da suka wallafa a 2002. A lokacin Amazon ma na da gwanjo, amma nasa ba ya rufewa sai an yi minti 10 babu sabon tayi, na eBay kuwa agogo na bugawa an gama. A eBay, kashi 40 cikin ɗari na gwanjon kwamfutoci da kashi 59 na kayan tarihi sun samu tayinsu na ƙarshe ne a cikin minti biyar na ƙarshe. A Amazon, kimanin kashi 3 ne kacal. Mutane iri ɗaya, kaya iri ɗaya, doka ce ta bambanta. Sun kuma ga cewa a eBay, gwargwadon gogewar mai tayi gwargwadon jinkirinsa. Yawan abin a kayan tarihi ma yana da dalili: masani da ya gane cewa wannan kaskon na gaske ne ba ya so tayinsa na wuri ya zama sanarwa ga waɗanda ba su sani ba.

Akwai abin da masu zagin ɗan kwanto ke mantawa. Jinkiri ba ya cin gwanjo, tayi mafi girma ne ke ci. Idan na sa 200 tun ranar farko, ɗan kwanto ya jefa 180 saura sakan uku, na'ura za ta amsa masa cikin ƙiftawar ido, kaya nawa ne a 182.50. Wanda ya ce an ƙwace masa a sakan na ƙarshe, a gaskiya an fi shi ne, kuma abin da ke cin ransa shi ne da ya samu minti ɗaya da ya ƙara. Ke nan bai rubuta iyakarsa ta gaskiya ba. Me ya hana shi? Wani bai fahimci tsarin ba. Wani bai san darajar kayan a wurinsa ba sai ya ga wani na so. Amma da yawa sun fahimta sarai, sun ƙi ne don sun san iyakar da ta kwana bakwai a cikin na'ura za a iya laluben ta. Mai wannan tsoro hanya biyu gare shi: ya riƙa ƙari kaɗan-kaɗan a fi shi a ƙarshe, ko shi ma ya koma kwanto.

Kuma kwanton ba daɗi ne da shi ba. Ka rubuta adadinka tun saura minti biyu, ba 200 ba, 203.77, don ka ɗara masu son cikakken lissafi. Agogo ya koma ja. Yatsa na bisa maɓalli, numfashi a riƙe, kana ƙirga goma, tara, takwas, kana tunanin ko intanet ɗinka zai ba ka kunya. A shida ka danna. Shafin ya tsaya yana juyawa, kuma a wannan sakan biyun ba ka san ko tayinka ya shiga ko a hanya ya mutu ba. Wani lokaci ya buɗe ka ga ka ci, wani lokaci ya ce gwanjo ya ƙare, kaya ya tafi a ƙasa da abin da ka rubuta. Wannan asarar mai kaya ce, taku ce kuma. In gwanjon zai rufe ƙarfe uku na dare a inda kake, sai ka zaɓa tsakanin barci da kaya. Shi ya sa manhajoji irin su Gixen da eSnipe da Auction Sniper suka samu kasuwa, mutane na miƙa musu izinin shiga asusunsu don su danna a madadinsu. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau: abokan cinikinku sun gwammace su ba wani na waje mabuɗin asusunsu da su ba na'urarku iyakarsu da wuri.

Saboda haka roƙona a nan mai sauƙi ne. Ku gina abin a cikin gida. Ku ba ni damar in rubuta iyakata yau, ku rufe ta, kada ta amsa wa kowa, kada ta motsa farashi, sai lokacin rufewa ku buɗe duk irinta gaba ɗaya. Wannan shi ne gwanjon Vickrey na asali, kuma a aikace can masu kwanto suka riga suka kai ku. Ɗan kore ba zai samu abin lalube ba. In ya ga dama ya yi harbi a duhu, amma da haɗarin ya ci kayansa ya biya ku la'ada a banza.

Ba zan ce kwanto ba shi da illa ba. Masu bincike da suka duba bayanan eBay sun ga cewa sabon shiga da aka yi wa kwanto a gwanjonsa na farko ya fi saurin tafiya bai dawo ba, kuma kowa na gani yadda gwanjo ya ja baya, sayarwa da tsayayyen farashi ta mamaye wurin. Ta fuskar mai kaya kuma na san fargabar. Ka sa abin da ya kai ɗari uku, kwana shida farashi na zaune a goma sha biyu, mutum arba'in na kallo babu mai tayi. Ba ka san ko masu kwanto ne ko masu kallo kawai ba. A daren nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya kira ƙaninsa, kuma yawancin ƙananan 'yan kore da haka suke fara, suna gaya wa kansu kare kayansu suke yi. Uzurin banza ne, domin akwai hanyar halal: ka fara da farashin da za ka iya sallamawa, ko ka sa ɓoyayyen farashin da in ba a kai shi ba babu ciniki. Sai dai ku ne kuke ba masu kaya shawarar su fara da ƙasa don jawo jama'a, kuma wasunku na cajin kuɗi na daban a kan ɓoyayyen farashin, ko an sayar ko ba a sayar ba. Kun sa kuɗi a kan hanyar gaskiya, ta ƙarya kuwa kyauta ce. Ku sauke wannan caji, ko ku rage shi ya zama ba abin tunani ba.

Na san amsar da da yawa ke bayarwa ita ce a riƙa ƙara lokaci. Gwanjon Yahoo na Japan na ba mai kaya damar ƙara minti biyar duk sa'ad da tayi ya shigo a minti biyar na ƙarshe. Bring a Trailer, mai gwanjon motoci a Amurka, na mayar da agogo minti biyu bayan kowane tayi na ƙarshe-ƙarshe. Tsarin na aiki, kuma ya fi kama da gwanjon ido da ido, inda mai guduma ba ya bugawa sai hannuwa sun sauka. Amma ku dubi abin da Bring a Trailer ya haɗa da shi: sunan mai tayi a bayyane yake, ana ganin tarihinsa, kuma kafin ka taya sai an riƙe kuɗi a katinka. In kuka ɗauki ƙarin lokacin kuka bar sauran, kun ba ɗan kore abin da bai taɓa samu ba, wato zagaye marar iyaka da mai sayen da jininsa ya riga ya hau, kuma kun ƙwace wa mai sayen garkuwarsa guda ɗaya. Ku fara tantance mai tayi, mutum ɗaya asusu ɗaya, kati a ajiye, kafin ku taɓa agogo.

Janye tayi ma na buƙatar gyara. Kuskuren sifili na faruwa, ba na musu. Amma duk tayin da aka janye bayan ya fallasa iyakar wani, ku sanar da wanda aka fallasa nan take, ku ba shi damar ya sauke iyakarsa ko ya fita ba tare da tabo ba. Ta wannan ƙofar ce ake cutar masu kaya su ma: mutum ya taya ƙasa, abokinsa ya taya sama sosai ya kori kowa, dab da rufewa ya janye, kaya ya faɗo a araha. Dama ta biyu kuwa, kada ta kasance a kan iyakar wanda ya zo na biyu. Ku share duk tayin wanda ya ƙi biya, ku sake lissafi kamar bai taɓa shigowa ba, farashin da ya fito shi za a miƙa. Mai kayan gaskiya zai ɗan yi asara a nan, na sani, amma yana da zaɓin ya sake sa kayansa.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ku fara da shi don ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Duk ranar da kuka rufe asusu saboda kore, kuna da jerin gwanjon da ya shiga da sunayen waɗanda suka biya. Ku rubuta wa kowannensu. Ku faɗa masa kayan, da ranar, da tayin gaskiya na ƙarshe, da abin da ya biya, ku ba shi zaɓin ya mayar da kaya ko ya karɓi bambancin, ku cire kuɗin daga abin da mai kayan ke da shi a hannunku, in bai isa ba ku cika daga la'adarku.

Na gode da sauraro.

Naku,
Wani mai saye da sayarwa a gwanjon intanet